Kawun Kowa a Kogin Binuwai

Tun da muka dawo daga Kamaru ban samu na yi ɗinki cikin natsuwa ba. Mace za ta shigo shagona a unguwar Hausari ta Maiduguri da atamfa a hannu, kafin in ɗauko tef in auna ta sai ta zauna a benci ta ce wai da gaske a kan ruwa muka yi wasa? In fara ba ta labari, ina kaiwa tsakiya wata ta shigo ta ce in koma farko. Shekaranjiya garin surutu na ɗinke wa wata amarya bakin hannun riga ruf, sai da na zauna na farke. Shi ya sa na ce bari in rubuta shi gaba ɗaya, wadda ta tambaya in miƙa mata ta karanta, ni kuma in taka keken ɗinkina.

Ga waɗanda ba su san ni ba, sunana Yagana. Tela ce ni, kuma ina cikin wata 'yar ƙungiyar wasan kwaikwayo ta unguwa. Ba mu da zaure, ba mu da dandamali. Barandar makarantar firamare muke arowa, mu ɗaura labule a baya, mu yi abinmu. Ni ke ɗinka kayan wasa, ni ce kuma uwar amarya a wasan da aka fi sanin mu da shi, wato Kawun Kowa. Labarin wani mutum ne da ba ya barin gidan biki ya wuce shi. In ya shiga, dangin ango ya ce musu shi kawun amarya ne, dangin amarya ya ce musu shi kawun ango ne, ya zauna ya ci ya yi nak. A ƙarshe asirinsa ya tonu, a bi shi da muciya da tsintsiya, shi kuma ya kutsa ta tsakiyar labule da cinyar kaza a hannu, ya dira daga baranda ta baya, ya zagaya ya ɓace. Wannan dirar ita ce abin da yara ke jira tun daga farkon wasa.

Mai yin Kawun Kowa shi ne Ba Kyari, dattijo mai wankin hula a unguwar Gamboru. Siriri ne kamar muciyar da muke bin sa da ita, don haka na ɗinka masa ƙaton tumbi na tsumma da yake ɗaurawa a ƙarƙashin riga. In ya ɗaura tumbin nan ya shigo yana cewa "Me aka dafa?", ko mai zaman makoki sai ya murmusa.

Sai ambaliyar nan ta zo, wadda ba sai na ba ɗan Maiduguri labarinta ba. Ba Kyari a kan rufin gidansa ya zauna da jikokinsa har aka zo da kwalekwale aka kwashe su. Ba wanda ya rasu a gidan, alhamdu lillahi, amma hulunan mutane sun tafi, tumbin ma ya tafi. Daga nan Ba Kyari ya daina wasa, ya daina dariya. In keke napep zai hau gada da shi, rufe ido yake yi har a sauka. Na ɗinka sabon tumbi na kai masa har gida, ya ce Allah ya yi albarka, ya ce in koma da shi. Ƙungiyarmu ta koma sai dai mu taru mu sha shayi mu watse.

Ana haka sai ga kira daga wani Malam Hamadu, mutumin wani ƙauyen masunta kusa da Garwa. Wai ya ga wasanmu a wayar wani direba, ya yi dariya har matarsa ta leƙo ta ga ko lafiya. Yana da jirgin ruwa da ya mayar dandamalin wasa, yana bin garuruwan bakin kogi da shi, kuma yana so mu je mu yi musu Kawun Kowa. Na ce to, ban gaya masa Kawun ya yi ritaya ba. Muka naɗa Emeka a madadinsa. Emeka mai sayar da kayan gyaran keke ne a Gamboru, a nan aka haife shi, Hausa da Kanuri duk a bakinsa suke, shi ke yin ango a wasan tun yana saurayi.

Matar Ba Kyari, Ya Fanna, ita ta zo shagona da kanta. Ta ce ta gaji da ganin mijinta zaune a zaure yana kallon bango, mu tafi da shi ko da tsaron kaya zai yi mana, ya ga wata ƙasa ko ransa zai dawo. Sai ta riƙe hannuna ta ce, "Amma Yagana, ki yi mini alkawari, ƙafarsa ba za ta taɓa ruwa ba." Na yi mata alkawari da zuciya ɗaya. Shi ma da sharaɗin ya yarda: shi mai gadin jaka ne, ba mai hawa jirgi ba. Maigidana kuwa cewa ya yi in je, amma kada in sake in kawo masa tsarabar kifi, don mutumin da ke da kasuwar kifi ta Tashar Baga ba a yi masa gorin kifi.

Mun tashi da safe bayan damina ta ɗauke, ta hanyar Bama. Motoci sukan taru ne a tafi a jere da rakiya, don haka mun daɗe a tsaye muna cin gyaɗa kafin a ce a tafi. Hanyar ta girgiza mu sosai. Wata tsohuwa da ke kusa da ni ta riƙe kwandon ƙwai a cinya, duk ramin da muka faɗa sai ta kira sunan Allah, ta leƙa kwandon, ta harari ƙeyar direba. Muna hawa gadar Bama na waiga, Ba Kyari ya rufe ido ya damƙe jakar kayan wasa a ƙirji. Raina ya ɓaci, don na ga nisan abin da muke nema.

A Banki muka sauka domin tsallaka iyaka. Aka duba takardunmu, aka ce mu buɗe jakunkuna. Jami'in da ke bincike ya sa hannu ya zaro gemun ƙarya, ya ajiye. Ya zaro muciya, ya dube ni. Sai ya jawo tumbin, ya ɗaga shi sama, ya matsa, ya shinshina, ya tambaya mene ne wannan kuma na wane ne. Dukkanmu muka juya muka dubi Ba Kyari, shi kuma ya juya ya dubi wata akuya da ke wucewa. Emeka ne ya ce nasa ne, ya ɗaura ya ɗan yi tafiyar agwagwa da shi. Jami'in ya yi dariya ya kira abokan aikinsa, ɗayansu mai ƙiba ya shafa nasa tumbin ya ce shi ba a ɗinka masa ba, da guminsa ya tara. Suka sallame mu da fara'a.

Abin da ya fara ba ni wahala a Kamaru mashin ne. Mu a Maiduguri an daɗe da hana acaɓa, har na manta yadda mace ke hawa. A Marwa kuwa, inda muka kwana, mashin ne ko'ina, mata suna zaune a baya da yaro da kwano kamar a kan tabarma. Na tattare lafayata na hau a karkace, mai mashin ya ja, na damƙe wuyan rigarsa har ya fara tari. Ya yi mini magana da Fulatanci ban gane ba, ya yi da Faransanci ban gane ba, sai ya ce da Hausa, "Hajiya, ki sake ni in yi numfashi, in na mutu wa zai kai ki?" 'Yan matan ƙungiyarmu, waɗanda ba su taɓa hawa mashin ba tun da suka yi wayo, ihu suka yi ta yi har masauki.

Masaukin ba laifi, sai dai fankar ɗakinmu kuka take yi ba iska. Da safe aka kawo shayi da burodi dogo siriri mai tauri, irin wanda za a iya kora akuya da shi. Na nemi mai laushi irin namu, mai shayin ya ce wannan shi ne burodi, namu kuwa matashin kai ne. Na tsoma a shayi don dole, na ci, na ƙara, har na saya na riƙe a hanya. Ba Kyari ya gutsura kaɗan ya ajiye. Mutumin da ya yi suna a kan ci, ga shi abinci ba ya gabansa.

Daga Marwa zuwa Garwa hanya ce mai duwatsu, ni kuwa 'yar shimfiɗaɗɗiyar ƙasa duk dutsen da na gani sai in ga kamar zai faɗo mana. Da muka sauka a Garwa wani ya ce mana mu yi haƙuri da zafin garinsu. Emeka ya ce masa daga Maiduguri muke, mu wannan sanyin safiya ne a wurinmu. Bai rufe baki ba gumi ya jiƙa masa riga.

Malam Hamadu ya zo ya ɗauke mu a bayan wata akori-kura zuwa ƙauyensu. Gajere ne, mai furfura, hannunsa duk baƙin mai, don gyaran injin kwalekwale ne sana'arsa. Yana ta duban cikin kowa yana neman mai tumbi. Da na nuna masa Emeka na ce ga Kawun Kowa, ya dube shi ya ce a waya kamar ya fi haka tsufa. Na ce waya ce ke tsufar da mutum. Matarsa, Adda Mairamu, ta sauke mu mata a ɗakinta, ta kawo mana tuwon masara da miyar yakuwa da suke kira folere, da gasasshen kifi wanda, maigida ya yi haƙuri, ban taɓa cin irinsa ba. Su suna gaisuwa da "jam na", mu muna amsawa da "wushe", kowa na gyaɗa kai, aka fahimci juna.

Da la'asar Malam Hamadu ya kai mu ganin jirgin. Binuwai ba irin kogin Ngadda na garinmu ba ne. Na tsaya a bakinsa na nemi ɗaya gaɓar, da ƙyar na hango itatuwanta. Jirgin kuwa wani faffaɗan abu ne da a da ake ɗaukar yashi da shi. Ya shimfiɗa masa katako, ya kafa rumfa, ya shafa fenti kore da rawaya. Ba shi da inji, wani ƙaramin kwalekwale mai inji ne ke tura shi daga baya. Akan ɗaure shi kusa da gaɓa, a ɗora dogon katako a matsayin gada, 'yan kallo su zauna a kan yashi, wasu kuma su zo da kwalekwalensu su tsaya a gefe.

Na tambaye shi yadda aka yi wannan tunani ya zo masa. Ya ce ba shi ya fara ba. Wani ɗansa da ke karatu ne ya nuna masa tsofaffin hotuna na ƙasar Amurka, inda a zamanin da, kafin hanyoyin mota, 'yan wasa ke gina ɗakin kallo sukutum a kan jirgi, su bi babban kogin ƙasar suna tsayawa gari-gari. Iyali guda ne sau da yawa: uba na wasa, uwa na waƙa, 'ya'ya na karɓar baƙi, a jirgin suke kwana, a nan suke girki. Yawancin jiragen ba su da inji, turawa ake yi kamar nasa. Suna da wani abin busa mai aiki da tururi, wanda ake jin sa tun jirgin bai ɓullo ba, manoma su ajiye fartanya su nufo bakin ruwa. Wanda ba shi da kuɗin shiga ya kawo ƙwai ko dankali ko kaza. Yaƙi ya taɓa tsayar da su, suka dawo, daga baya silima da mota suka kashe kasuwar. Shi da ya ji haka sai ya ce ai mutanen bakin Binuwai har yanzu hanyarsu ruwa ce, kuma ƙwai da kifi ba su ƙare ba. Abin busa ne kawai bai samu ba, sai ya ɗaura hon ɗin tirela. Ya danna mana shi, wata jaka da ke shan ruwa ta tsinke igiya.

Duk wannan Ba Kyari bai gani ba. Tun da muka iso ya sami wata bishiyar mangwaro nesa da gaɓa, ya jera jakunkunanmu, ya zauna ya ba kogi baya.

Washegari muka yi gwaji a kan jirgin, a nan muka gane mu mutanen tudu ne. Wurin da ake bin Kawun Kowa da gudu, dukkanmu muka ruga gefe guda kamar yadda muka saba, jirgin ya karkata, tukunyar wasa ta gangara ta faɗa ruwa, ni na zauna daɓas. Malam Hamadu ya ce a kan ruwa ba a taruwa wuri ɗaya, in uku sun yi dama, uku su yi hagu. Ya kuma ɗaga labulen da muka ɗaura a baya ya nuna mana: taki ɗaya ne tsakanin labulen da ƙarshen jirgi, kuma ta nan ɓangaren ruwa mai zurfi yake. Don haka muka soke dirar. Muka ce in Emeka ya kutsa labule, ya durƙusa a nan ya yi shiru.

Sai kuma dokarsa ta ƙarshe: duk wanda bai iya iyo ba, sai ya sa rigar nan mai ruwan lemo da ke hana nutsewa. Mu duka ba mai iya iyo. Mu mata lafaya ta rufe mana, maza suka sa babbar riga a kai. Emeka ne matsala, don in ya sa rigar ya ɗaura tumbi a kai, hannunsa ba ya kai bakinsa, Kawun Kowa kuwa ba ya yiwuwa ba ci. Na zauna a tsakar gidan Adda Mairamu na farke tumbin, na zubar da tsumman, na naɗe rigar na cusa a ciki, na fito da igiyoyinta ta baya na ɗinke da zare biyu. Tumbin ya fi na da kyau ma, ya yi tsaye ƙyam.

Ranar wasa, bayan sallar la'asar, aka danna hon. Mutane suka yi ta gangarowa, wani da kifi a hannu, wata da ƙwaryar masara, yara suka haye itatuwa, kwalekwale suka jeru a gefe. Yawancinsu suna jin Hausa. Muka fara.

Emeka ya shigo da tumbi. Maimakon ya faɗo gidan biki kamar an jefo shi, sai ya yi sallama a hankali, ya cire takalmi, ya gaishe ni da ladabi. Aka ajiye masa tire, ya nemi cokali. Ya ɗauki cinyar kaza da yatsa biyu ya ɗan gutsura, ya ajiye, ya ce alhamdu lillahi. Ba wanda ya yi dariya. Wani jariri ya yi kuka, aka ji shi har bayan taro. Na hango Malam Hamadu ya cire hula yana sosa kai. Na harari Emeka har idona ya yi zafi, shi kuwa ya sake ɗaukar cokali. Kunya ta kama ni, na ce a raina mun taso tun daga Maiduguri mun zo mun zubar da mutuncinmu a bakin kogin mutane.

Sai na ji murya daga can baya.

"Kai Emeka, wa ya ce maka haka ake cin kazar biki?"

Ba Kyari ne. Ya bar jakunkuna ya taso, yana ratsa mutane yana faɗa. Yana cewa shekara da shekaru yaron nan na zaune a gefensa bai koyi komai ba, wane Kawun Kowa ne ke neman cokali, wane Kawun Kowa ne ke ƙoshi. Mutane suka ɗauka cikin wasan ne, suka fara dariya suna buɗe masa hanya. Yana faɗa yana tafiya, yana nuna Emeka da yatsa, ya taka katakon nan ya hau, bai ko dubi ƙasa ba. Ni ina tsaye da muciya a hannu ina kallonsa. Ya kwance tumbin daga jikin Emeka a gaban kowa, ya ɗaura, ya ja igiya ya ƙulle, ya kori Emeka ya koma kujerar ango. Sannan ya juya, ya shafa tumbi, ya shaƙi iska ya ce, "Me aka dafa?"

Wallahi hawaye ne suka zubo mini, ga shi ni ce uwar amarya, dole in amsa masa da masifa. Ban taɓa ganin ya yi wasa kamar na ranar ba. Ya ci da hannu biyu, ya zuba shinkafa a aljihu, ya rantse shi ya yi wa ango kaciya, ya juya ya rantse shi ya raɗa wa amarya suna. Wata mata a bakin gaɓa ta yi dariya har ta kifar da masararta. Masunta suna buga filafili a jikin kwalekwale. Mu kanmu muka manta da gwaji, muka manta da kogi, muka koma barandar makaranta.

Aka zo wurin tonon asiri. Na ɗaga muciya, aka yi kansa. Ya fizgi cinyar kaza, ya zagaya tire, ya nufi labule. A lokacin ne na tuna bai zo gwaji ba. Na buɗe baki in kira sunansa, ya riga ya kutsa. Muka ji ƙarar faɗawarsa a ruwa.

Emeka ya riga kowa fizge labulen. Ba komai a wurin sai ruwa mai launin ƙasa yana juyawa, da hular Ba Kyari tana tafiya. Ban san tsawon lokacin ba, ni dai na ga fuskar Ya Fanna, na ji hannunta a nawa. Sai ga wani abu ya taso kamar ƙwarya a kife. Tumbin ne. Bayansa ga gemu, ga fuska, ga Ba Kyari kwance rigingine a kan Binuwai, ruwa na tafiya da shi a hankali, hannunsa ɗaya a sama riƙe da cinyar kaza.

Masunta biyu suka kai gare shi nan da nan. Suka miƙa hannu za su jawo shi. Ya yi tari, ya tofar da ruwa, ya dubi ɗaya ya dubi ɗaya, idonsa a waje. Ina jira in ji salati ko kuka. Sai ya ce da ƙarfi, yadda har na kan yashi suka ji, "Af, ashe ku ne, 'ya'yan ƙanwata. Me aka dafa a gidanku yau?"

Ban iya kwatanta abin da ya biyo baya. Mutane suka miƙe tsaye, yara suka zubo daga itatuwa, Malam Hamadu ya danne hon ya ƙi saki. Emeka ya durƙusa a bakin jirgi yana dariya yana kuka lokaci guda. Daga baya wani dattijon ƙauyen ya zo ya ce mana an sha kawo musu wasa, amma ba a taɓa kawo wanda ya ƙare da kyau haka ba, gobe ma a yi dirar. Na ce masa Allah ya kiyaye.

Da aka fito da shi Adda Mairamu ta lulluɓe shi da bargo ta ba shi shayi mai citta. Na zauna kusa da shi ina ba shi haƙuri. Ya zuba wa kogin ido, karo na farko da na ga ya fuskance shi. Sannan ya ce, "Yagana, wancan ruwan shi ya shigo mini gida ba sallama. Wannan ni na je masa, kuma ya ɗauke ni bai cinye ni ba." Ya share ido da gefen bargo, ya tambaya ko akwai sauran gasasshen kifin nan na Adda Mairamu. Ya ci har da ƙari.

Mun yi kwanaki muna bin ƙauyuka da jirgin. Ba Kyari ya hau da ƙafarsa, yana zaune a tsakiya, tumbin a ɗaure ko ba wasa ake ba. Malam Hamadu ya kafa katako a bayan labule, don ya ce bai yarda da ƙafafun mutanen Maiduguri ba. Ranar da za mu taho na ɗauko almakashi zan farke tumbin in mayar wa Malam Hamadu da rigarsa ta hana nutsewa, ya ce in bar ta, ta zama ta Kawu.

A mota, tsakanin Garwa da Marwa, na tsare Emeka na ce ban taɓa ganin wasa mara daɗi irin wanda ya yi ba, da cokali fa. Ya leƙa ya ga Ba Kyari na gyangyaɗi, ya rage murya ya ce, "Yagana, tun ina yaro nake kallon tsohon nan yana cin kaza. Kina ganin ban iya ba ne? Na san ba zai jure ya ga ana ɓata masa Kawu ba." Ya ce dirar ce kawai bai hango ba, kuma da abin ya zo da tsautsayi bai san da wane ido zai koma Gamboru ba. Na ɗaga hannu zan kai masa duka, sai na ɓalle burodin da ke jakata na ba shi rabi.

Mun shigo Maiduguri da yamma. Muka ɗauki keke ni da Ba Kyari, don na ce sai na miƙa shi hannun matarsa. Da muka hau gadar Ngadda na saci kallonsa. Idonsa a buɗe, har ya leƙa ya ce wannan ai ruwan alwala ne. Ni kuwa ina ta shirya abin da zan gaya wa Ya Fanna.

A ƙofar gida ya ce in ba shi tumbin. Ya ɗaura a zaure, ya saki riga a kai, ya faɗa tsakar gida kamar an jefo shi ya ce, "Me aka dafa?" Jikoki suka yo kansa da ihu. Ya Fanna na tsugune a bakin murhu da ludayi a hannu, ta ɗago ta dube shi, ta daɗe tana dubansa. Sannan ta taso ta zo inda nake rakuɓe. Ashe labari ya riga mu isowa, wani ya ɗauka a waya.

Ta ce, "Yagana, kin karya mini alkawari."

Na ce, "Na karya, Ya Fanna."

Ta kama hannuna, wanda ta riƙe ranar da ta zo shago, ta matse shi. Ta ce Allah ya yi mini albarka, ta koma ta ƙara ruwa a tukunya, don ta ce abin da ta dafa ba zai ishe shi ba.